Yadda masana'anta ke gwada katirij ɗin firinta da lantarki, da abin da mai ɗurin tawada zai iya kwaikwayo

Wani ɗan'uwa mai shagon ɗurin tawada a Aboabo, Kumasi, ya aiko da tambaya. Yana sayen katirij da suka ƙare, ya wanke, ya ɗura, ya sayar. Wasu su yi aiki lafiya lau, wasu kuma mai saye ya dawo da su washegari, firinta ta ƙi karɓa ko tana barin fararen layuka a takarda. Ya ce in ya ɗora mitar auna lantarki a kan ɗige-ɗigen zinaren da ke bayan katirij ba ya ganin komai. Tambayarsa: ta yaya masana'antar da ke fitar da dubbai a awa take gwada kowane ɗaya, kuma shin zai iya haɗa irin wannan na'ura a shagonsa?

Ɗan'uwa, mitarka ba ta lalace ba. Dalilin da ya sa ba ta ganin komai shi ne ƙofar shiga wannan magana, don haka daga nan za a fara.

Katirij iri biyu ne. Na Epson tanki ne kawai mai ɗauke da ɗan cif, kan da ke fesa tawada yana jikin firintar. Irin wanda kake ɗurawa kuwa, su HP 122, 123, 650, 652 da Canon PG-445, kan feshin yana jikin katirij ɗin. A ƙarƙashin kowace huda da tawada ke fita ta cikinta akwai ɗan siririn resista a kan silikon. Ana ba shi wuta ta ɗan lokacin da bai wuce kashi biyu ko uku cikin miliyan na sakan ba, tawadar da ke taɓa shi ta kai wajen digiri 300, ta yi kumfa, kumfar ta tunkuɗo ɗigon tawada waje. HP ta fito da wannan dabara kasuwa a 1984 da firintar ThinkJet, Canon kuma ta kira tata Bubble Jet. Kowane resista yana da tiransisto a gabansa kamar mai gadi. In ba a buɗe tiransiston ba, mita za ta nuna kamar waya ta tsinke, alhali resistan lafiyarsa ƙalau.

Misalin da ya fi sauƙin fahimta shi ne tsohon HP 45, wanda har yau irinsa ake sa wa injinan hannu masu buga kwanan wata da lambar kaya a jikin kwali. Yana da huda 300 da ɗigon haɗi 52. Daga cikinsu 22 layukan adireshi ne masu buɗe tiransisto, 14 layukan da ke kawo wutar feshi, 14 layukan komawar wuta, sauran biyun kuma na resistan auna zafi da resistan ma'auni. Kowane resistan feshi yana kusa da om 30. Ka lissafa: 22 sau 14 ya ba da 308, huda kuwa 300 ce, wato akwai mahaɗa 8 da babu komai a cikinsu. Duk wanda ya haɗa na'urar gwaji bai sanar da manhajarsa wannan ba, kowane katirij zai fito masa da matattun huda takwas, ya yi ta zubar da kaya masu kyau.

Masana'anta ba sau ɗaya take gwaji ba. Ana gwada kan feshin tun yana kan faifan silikon, kafin a yanka. Ana sake gwadawa bayan an liƙa shi da siririyar ledar nan mai launin ruwan zuma da ke ɗauke da layukan tagulla zuwa ɗige-ɗigen baya. Ana gwadawa a bushe kafin ɗuri, sannan a jiƙe bayan ɗuri. Dalilin kuɗi ne: kowane mataki yana ƙara wa kayan tsada, don haka ana so a kama mara kyau kafin a zuba masa abin da ba zai dawo ba. Wannan kaɗai ya isa ya gyara aikinka. Gwaji kafin wanki da ɗuri yake, ba bayansu ba. Tawadar da ka ɗura wa mataccen katirij sidi ne ka zuba a kwata.

Gwajin bushe yana tafiya ne daga mai sauƙi zuwa mai nauyi, kuma ana tsayawa da zarar an ga aibi. Da farko a tabbatar kowane fil na na'urar gwaji ya taɓa ɗigon zinarensa a bayan katirij. A layukan da ke shiga cif akwai diyod na kariya a ciki, sai a tura 'yar wuta kamar kashi ɗaya cikin goma na miliamfiya ta bayan diyod ɗin a auna. In an ga wajen rabin bolt zuwa 0.7, haɗi ya yi. In an ga kusan sifili, layin ya yi shot. In awon ya haura har iyakar da aka sa, layin a tsinke yake, ko fil bai taɓa ba. Bayan haka a nemi shot tsakanin layuka. Ɗigo 52 in za a gwada su bibbiyu awo 1,326 ke nan, babu mai yin haka. Ana ɗaga layi ɗaya a haɗa sauran duka da ƙasa, wato layin komawar wuta, awo 52 ya wadatar. Sai an tsallake waɗannan biyun ake sa wutar da ke buɗe tiransisto, domin sa bolt 12 a kan katirij mai shot yana iya ƙona na'urar gwajin ita kanta.

Yanzu awon resista 300 ɗin, inda saurin masana'anta yake. A ce layin masana'anta yana fitar da katirij 1,800 a awa, wato kowane katirij sakan 2 ne rabonsa, har da shigowa, matsewa da fita. Wutar ECG, kamfanin lantarkin Ghana, tana juyi 50 a sakan, kuma duk wayar da ke cikin ɗaki tana kwaso wannan gurnani. Maganinsa shi ne mita ta tattara awonta na tsawon juyi ɗaya cur, milisakan 20, sai gurnanin ya cinye kansa. To amma 300 sau milisakan 20 sakan 6 ne, layi ya tsaya ke nan. Abin da ake yi shi ne a ba kowane ɗaya daga layukan wuta 14 nasa ma'aunin. A buɗe adireshi na farko, a auna resista 14 lokaci guda, a rufe, a buɗe na biyu. Taki 22 sau milisakan 20 bai kai rabin sakan ba. Babu wani tsafi a ciki. In hakan bai isa ba, sai a ƙara gurbi, wato mazaunin da ake sa katirij a gwada shi, teburin juyi ya riƙa kawo katirij huɗu ko takwas a tare, ana gwada waɗannan ana loda waɗancan. Manyan masana'antu suna amfani da akwatunan PXI na National Instruments ko ma'aunai irin na Keithley, da PLC mai kula da motsin inji, amma lissafin ɗaya ne ko da ɗan allon kwamfuta irin Arduino ka yi shi.

Abin lura ga mai sayen kayan awo na hannu: wanda aka shigo da shi daga Amurka yana iya zuwa a saite kan juyi 60, lokacin tattarawarsa milisakan 16.7. A Kumasi zai riƙa rawa a lambobin ƙarshe har sai an mayar da shi 50. Haka nan idan dumso, wato ɗauke wuta, ya sa an koma janareta, juyin ba ya zama daram, awo ya yi ta yawo. Na'urar gwaji ta fi son batir ko UPS mai kyau.

Wutar awon ƙarama ce da gangan. Miliamfiya 1 a kan om 30 tana ba da milibolt 30, zafin da take haifarwa ba a ma maganarsa. Kwatanta da feshi na gaske: bolt 12 a kan om 30 amfiya 0.4 ce, wat 4.8 a kan abin da ido ba ya gani. Sakan ɗaya ya yi yawa ƙwarai, kafin ka ƙifta ido resistan ya ƙone. Saboda haka kada ka taɓa barin manhaja ita kaɗai ta riƙe tsawon bugun wuta. A sa ɗan cif irin 74HC123 wanda zai yanke bugun a kan lokaci ko da manhajar ta sandare.

Amfanin awon ba a lamba ɗaya yake ba, a fasalin da matattun suka yi yake. In suna warwatse, ɗaya nan ɗaya can, resistocin ne suka ƙone, yawanci saboda an ci gaba da buga takarda bayan tawada ta ƙare, domin tawadar ce ke kwashe zafin. Wannan ba ya gyaruwa. In kusan 22 suka mutu tare a wuri guda, layin wuta ɗaya ne ya yanke, ko ɗigonsa ya yi datti. In kuwa wajen 14 ne suka ɓace a tazara iri ɗaya daga sama har ƙasa, layin adireshi ɗaya ne. Waɗannan biyun na ƙarshe, kafin ka yanke wa katirij hukunci, duba fil ɗinka.

A nan gizo ke saƙa. Laifi tudu ne, na'ura takan taka nata ta hango na katirij. Mafi yawan rigimar da injiniyoyin gwaji ke fama da ita ba a ma'auni take ba, a wurin taɓawa take. Ana amfani da fil masu sifirin a ciki, waɗanda ake kira fogo. Sabon fil tsayayyarsa ƙarama ce ƙwarai. Bayan dubban taɓawa, ƙurar leda, busasshiyar tawada da man hannu sun taru a bakinsa, sai ta haura rabin om, wani lokaci om guda. Rabin om a kan 30 ya kusa kashi 2 cikin 100, ya isa ya tura lafiyayyen katirij bayan iyakar da aka sa wa gwaji. Muguntar abin ita ce ba ya tsayawa wuri ɗaya: yanzu ya faɗi, ka cire ka mayar ya ci.

Maganin asali shi ne awon waya huɗu. Waya biyu su kai wuta, wasu biyu daban su karanto bolt daga kan ɗigon. Da yake kusan babu wutar da ke bi ta wayoyin karatu, dattin bakin fil ba ya shiga lissafi. Hakan na buƙatar fil biyu a kan ɗigo ɗaya, ɗigon kuwa ƙarami ne. Inda wuri bai isa ba, sai a kai wayoyi huɗun har gindin fil, a yarda cewa bakinsa ya rage a cikin awon, a kuma riƙa sa masa ido. Ana yin haka da farantin ƙarfe mai rufin zinare da aka yanka daidai siffar bayan katirij. Farkon kowane zubin aiki a matse shi a gurbi, a karanta kowane fil, wanda ya wuce iyakarsa a zare shi a sa sabo. Shi ya sa ake dasa fil a cikin kube, ba a liƙe shi da dalma kai tsaye.

Zaɓin bakin fil ma magana ce. Mai tsini ko mai haƙora yana huda datti da kyau a kan allon lantarki, amma rufin zinaren katirij bai kai kaurin maikiron guda ba, ƙarƙashinsa kuma leda ce. Mai tsini zai bar rauni, tsatsa ta shiga ta nan bayan wata biyu a hannun mai saye. Mai mulmulallen baki ake so. A danna shi kashi biyu cikin uku na tafiyarsa, kada a kai shi ƙarshe. In kowane fil yana turawa da nauyin giram 100, 52 sun haura kilo 5, hannu ba zai riƙe wannan daidai kullum ba, dole sai da maƙali ko silinda ta iska. Gurbin kuma ya kama katirij a wuraren da firinta ke kama shi, ba a gefen robar da ya fi sauƙin riƙewa ba, in ba haka ba fil zai riƙa sauka a bakin ɗigo. Masu injin yanka a Suame Magazine za su iya fitar maka da gurbin daga roba mai tauri, amma hanya mafi arha ita ce ka ciro keken da ke ɗaukar katirij daga matacciyar firinta, da ma an ƙera shi daidai. Doka ɗaya ba a karya ta: fil ya zauna kafin a kunna wuta, a kashe wuta kafin ya tashi. Tartsatsin da ba ka gani yana cin bakin fil da ɗigon duka.

Resistan auna zafi yana da nasa tarko. Siririn layin ƙarfe ne da ke zagaye silikon, tsayayyarsa tana ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri. Katirij ɗin da ya kwana a ɗaki mai sanyi da wanda ya yini a bayan mota daga Tema, in bambancinsu digiri 10 ne, awonsu zai bambanta da kashi 4. Wanda ya daɗe a tafin hannunka ma haka. Masana'anta tana auna zafin gurbin ta gyara lissafi, sannan ta rubuta sakamakon a cikin 'yan fis ko ƙwaƙwalwar kan feshin, tare da launi, yanki da lambar kaya, ta kuma sake karantawa ta tabbatar ya zauna. Kai dai ka bar kaya su huce a ɗakin gwaji kafin ka auna.

Bayan ɗuri ana maimaita neman shot, wannan karon da ma'auni mai jin 'yar ƙaramar wuta. Tawada yawancinta ruwa ce, tana ɗaukar lantarki. In ta sami kafa ta shiga ƙarƙashin baƙin gam ɗin da ke rufe gefen kan feshi, za a fara ganin yoyon wuta kaɗan tsakanin layin wuta da ƙasa. Yau firinta za ta karɓa, amma wuta da danshi suna cin tagulla a hankali, bayan mako ta ƙi. Wannan aibi yakan bayyana a katirij ɗin da aka jiƙa a ruwan zafi aka kuma busar da shi sama-sama. Da damina, lokacin da iskar Kumasi ke cike da danshi, lafiyayye ma yakan nuna yoyo in bayansa bai bushe ba. A goge ɗige-ɗigen da tataccen ruwa mara gishiri irin wanda ake ƙara wa batir, ba asid ba, don ya narkar da tawada, a bi da sifirit na isofurofil, a bar shi ya bushe sosai. Ban da sanfefa, ban da reza, ban da magogin fensir.

Sai feshi. A sa ƙaramin resista na om 0.1 a hanyar komawar wuta, amfiya 0.4 za ta ba da milibolt 40, a ga siffar bugun a osiloskof, na'urar da ke zana wuta a allo. In layuka 14 suka buga tare, wajen amfiya 5.6 ke nan a lokaci guda, don haka ana ajiye kafasito dab da gurbin, wayoyi gajeru masu kauri. Doguwar siririyar waya tana cinye bolt, ɗigon tawada ya fito a raunane, a ɗora wa katirij laifi. Wasu masana'antu suna neman ƙaramin ƙarfin da ke fitar da ɗigo ta hanya mai ban sha'awa: suna rage ƙarfin bugu kaɗan-kaɗan suna kallon zafin silikon. Muddin ɗigo na fita, yana tafiya da zafi. Inda ya daina fita, zafin sai ya juya ya fara hawa duk da an rage wuta. Daga wannan gaɓa ake ƙara ɗan rara a sa ƙarfin aiki. In rarar ta yi yawa, tawada takan ƙone a kan resista ta yi ƙanzo, kamar na gindin tukunyar shinkafa, ƙanzon ya hana zafi isa ga tawada.

Ƙanzo, toshewar huda da iskar da ta shiga soso, duk mita ba ta ganinsu. Resista 300 za su iya cin gwaji, takarda ta fito da zebra. Shi ya sa gwajin ƙarshe na ido ne: ko a fesa ɗigo ta tsakiyar hasken infared a ga inuwarsa, ko a buga zanen matakala inda kowace huda ke da ɗan layinta, kyamara ta ƙirga.

Da hunturu akwai wani ɓarawo. Iska ta bushe, ka tashi daga kujerar roba, jikinka na ɗauke da dubban bolt. Mutum ba ya jin tartsatsi sai ya kai wajen bolt 3,000, ƙofar tiransisto kuwa ƙasa da haka ya ishe ta. Abin wuyan hannu mai resistan megaom 1 haɗe da ƙasa, tabarmar tebur mai zubar da caji, da daina zuba katirij a baƙar leda suna gogar juna, sun rage yawancin wannan asara.

Ita na'urar ma ana gwada ta. Ana ajiye katirij na shaida: ɗaya lafiyayye, ɗaya mai mataccen resista da aka sani, ɗaya mai shot. Kowace safiya su ake fara sawa. In mara lafiya ya ci, a tsayar da aiki. Masana'antu suna ƙarawa da ɗaukar kaya 10, ma'aikata 3, kowa ya auna sau 3. In yawon na'urar ya gaza kashi 10 cikin 100 na faɗin iyaka an yarda da ita, in ya haura 30 ba a aiki da ita. Ana kuma ƙirga faɗuwa gurbi-gurbi. Gurbi na uku ya fi 'yan'uwansa kayar da kaya? Katirij ba su san gurbin da za su faɗa ba, fil ne. Maimaita gwaji sau ɗaya ake yarda, kuma a rubuta. Ma'aikacin da ke cirewa yana mayarwa har sai fitila ta yi kore, kayan da za su dawo yake tarawa.

Iyaka kuma kada ka ara daga bakin kowa. Auna katirij 30 ko fiye da ka tabbatar suna bugu da kyau, ka ga inda suka taru. Sannan ka kwatanta kowane resista da maƙwabtansa a katirij ɗaya, domin wanda ya fita daban da 'yan'uwansa ya fi zama abin zargi ko da bai ƙetare iyaka ba.

To, me za ka iya haɗawa? Ga irin HP 45, Arduino, cif ɗin ɗaga bolt zuwa 12 don layukan adireshi, ma'aunin bolt mai kyau da keken tsohuwar firinta sun isa. Ba ka gaggawar sakan 2, ka auna ɗaya bayan ɗaya, sakan 10 ba komai ba ne a shago. Kayan haɗin ana samun yawancinsu a Zongo Lane a Accra. Su 123, 650 da PG-445 kuwa hudojinsu sun yi yawa, ɗige-ɗigensu kaɗan, ana yi musu magana ne da saƙon lambobi wanda kamfanonin ba sa bayyanawa. A nan abin da za ka iya da kanka shi ne gwajin diyod da na shot, sauran ka bar wa firintar gwaji da ka ware, ɗaya ga kowane iyali na katirij, wadda ake goge fil ɗinta kullum.

Abu biyu kuma suna kama da matsalar lantarki alhali ba ita ba ce. HP tana raba kaya yanki-yanki: abin da ake kira 61 a Amurka shi ne 301 a Turai, shi ne 122 a nan. Firintar da aka sauke a Tema daga Jamus 301 take nema, za ta ƙi 122 komai lafiyarsa, don haka ka tambayi mai saye lambar da ke rubuce a cikin murfin firintarsa kafin ka miƙa masa kaya. Na biyu, firinta ba ta auna tawada, ƙirga ɗigo take yi, shi ya sa wanda ka cika take ce masa fanko. A yawancin ƙananan Canon Pixma, riƙe maɓallin tsayawa fiye da sakan 5 yana kashe wannan gargaɗi. Sai dai daga nan babu mai tsayar da ita in tawada ta ƙare, don haka ka gaya wa mai saye da zarar rubutu ya fara dusashewa ya cire katirij ya kawo maka, kafin resistocin su ƙone a bushe.